Takalmin Dogon Bature

Ranar wata Alhamis da hantsi, cikin watan Maris na 1984, dagacin Kukar Sambo ya aiko mutum a kan keke zuwa ofishin 'yan sanda na Kura. An tsinci gawar Hambali, mai kula da ƙofar ruwa, a cikin kanal ɗin ban ruwan gonaki. Ɗan aiken ya ƙara da cewa kada Sufeto ya wahalar da kansa, don an riga an kama wanda ya yi kisan.

Wannan ƙarin bayanin ne ya ɓata wa Sufeto Maharazu rai tun bai tashi daga kujera ba. Shekararsa goma sha tara a aikin nan, kuma duk ranar da aka ce masa an riga an kama mai laifi, ya san zai tarar da wani bawan Allah da kumburarriyar fuska. Ya ɗauki hularsa, ya kira Saje Isiyaku, suka hau Landiroba.

Haka kuwa aka yi. Gawar tana gindin darbejiya an lulluɓe ta da zane. Gefe guda ga wani dogon Bafulatani an ɗaure shi tamau da igiyar guga, ido ɗaya a rufe. Sunansa Ibrahimu, kuma shekara goma sha biyu rugarsu tana bayan garin.

"Wa ya ɗaure shi?" in ji Sufeto.

Kowa ya kau da kai.

"Ba da itatuwan nan nake magana ba. Wa ya ɗaure shi?"

Wani kakkauran mutum ya fito, idonsa ja wur. Sammani ne, mai babban lambun tumatir a gabas da ƙofar ruwan.

"Dukanmu ne, ranka ya daɗe. Hambali aminina ne, tare muka yi aiki a gidan Bature. Jiya da la'asar an ji su suna cacar baki da mutumin nan. Ga ma sandarsa can, a jingine da rumfar Hambali muka same ta."

"A jingine?"

"A jingine."

"To, ya yi kisa, sannan ya tsaya ya jingine muku sandar da kyau don kada ta faɗi. Saje, kwance shi ka sa shi a mota."

Sufeto ya tsuguna ya yaye zanen. Raunin a ƙeya yake, ya lotsa, kuma bakinsa da kusurwa kamar an danna ƙarfe a ɗanyen bulo. Sandar makiyayi ba ta yin irin wannan. Ya je ya duba ƙofar ruwan. A buɗe take wajen gabas, ƙarfen da ake murɗa ta da shi kuwa babu shi babu dalilinsa.

Sawu kam jama'a sun gama da shi. Mutum ya fi ɗari sun tattake wurin, kowa ya zo ganin gawa, har da masu tallan gyaɗa. Sai can ƙasan gangaren, inda laka take da santsi babu mai son sa ƙafa, ya ga wasu alamu. 'Yan tsagogi ne gajeru, uku a gaba sun zauna kamar duwatsun murhu, uku a baya. A sawun hagu kuwa, na bayan biyu ne kawai.

"Wannan fa?"

Sammani ya leƙo daga sama. "Sawun maruƙa ne, ranka ya daɗe. Maruƙansa."

"Ni ma na yi kiwo kafin in sa kaki. A garinku ne maraƙi yake da kofato mai tsaga uku?"

Ya karɓi fartanya daga hannun wani, ya yanko lakar da sawun hagun a jikinta, ya aza a kan kwalin tumatir. Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa, wai ga ɗan sanda ya kama laka.

Za su tafi ke nan dagaci ya ja shi gefe.

"Yallaɓai, gara in faɗa maka. Samari sun ce gobe in an sauko daga Juma'a za su cinna wa rugar wuta. Bukka goma sha uku ce, da mata da yara, da Inno, tsohuwar mutumin nan, ba ta gani. Na yi magana, ba sa jina."

"Kai ne dagaci, ba sa jinka, amma sun ji wanda ya ce a ɗauko igiya," in ji Sufeto. Ya shiga mota ya buga ƙofa.

A ofis ya sa aka wanke wa Ibrahimu fuska, aka ba shi fura, sannan ya zaunar da shi a kan benci.

"Jiya ka je bakin kanal?"

"Ban je ba, ranka ya daɗe."

"Sandarka ce ta je da kanta?"

"Ɓata ta yi tun shekaranjiya."

Sufeto ya daki tebur har biro ya yi tsalle. "Kai, saurara. Garin can kaf so suke a rataye ka, gobe kuma za su ƙone uwarka a cikin bukka. Ni kaɗai ne nake neman hanyar fitar da kai, ni kuma za ka yi wa ƙarya?"

Ibrahimu ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, hawaye na bin idon da bai kumbura ba.

"Na je. Rijiyarmu ta ƙafe. Na san an hana shayar da shanu a kanal, amma ƙishirwa ta kayar min da saniya ɗaya. Hambali ya zo ya kama ni, muka yi faɗa da baki, ya ƙwace sandata. Ya ce in zo da safe in karɓa a gaban dagaci."

"Sannan?"

"Sannan ya ce tunda shanun sun riga sun sa baki, su ƙarasa sha. Na kora su na tafi, rana ba ta faɗi ba. Wallahi da ransa na bar shi."

"Ƙofar gabas a buɗe take ko a rufe?"

"A rufe. Yamma ruwa yake tafiya."

An yi jana'izar Hambali bayan la'asar, da likita ya gama dubawa. Sufeto ya bi sahu aka yi salla, ya yi gaisuwa a ƙofar gida, sannan ya nemi iso wurin matar mamacin. Barira tana zaune a kan tabarma cikin lulluɓi, wata tsohuwa a gefenta.

"Malama, ya haƙuri? Allah ya gafarta masa."

"Amin, Yallaɓai. Na gode."

"Ki yi haƙuri da zuwana a irin wannan rana. Takardar rabon ruwa nake nema, wadda yake rubuta ranar kowa."

Ta miƙa hannu ƙarƙashin gado ta jawo wani gwangwanin biskit da fentinsa ya koɗe. Takardar tana sama. Laraba da Alhamis na mutanen yamma ne, gabas sai Asabar. Gonaki shida ne a gabas ɗin.

Ƙarƙashin takardar kuwa wasu 'yan katuna ne jingim, an ɗaure su da kyauro. Kowanne bai fi tafin hannu ba, gefensu ya yi laushi don tsufa. Hotunan wasu ƙarti ne da hular hana-salla, wani riƙe da kulki, wani da ƙatuwar safar fata a hannu ɗaya.

"Waɗannan fa? Karta ce?"

"A'a, bai taɓa caca ba. Na Dogon Bature ne, Ba'amurken injiniyan da ya yi aikin haƙa kanal. Maigidan ne kukunsa. 'Yan wasan ƙasarsu ne, wai besbol, a jefo ƙwallo a make ta da kulki. Tun yana yaro ya tara su. Da zai tafi, shekara tara ke nan, ya bar wa maigidan." Ta shafa katunan. "Ya ishe ni da su. Ba ya karanta Turancin da ke baya, bai san sunan ko ɗaya ba, amma duk ƙanƙantar abu sai ya gano shi. Ya ce Barira dubi wannan, ya naɗe hannun kulkinsa da baƙin ƙyalle. Dubi wancan, safarsa ta yage an ɗinke da wata igiya daban. Ina tsakar tuƙa tuwo zai kawo min kati har gindin murhu. Jiya da safe ma sai da na ce ya rabu da ni."

Ta ja lulluɓinta ta rufe fuska. Sufeto ya shiga juya katunan ɗaya bayan ɗaya don ya ba ta lokaci. Ya wuce goma sha biyar ko ashirin, sai hannunsa ya tsaya.

Wani mai jifa ne, ya ɗaga ƙafa ɗaya sama har ta kusa kai masa fuska, tafin takalminsa ya fuskanci mai ɗaukar hoto. Sufeto ya matsa bakin ƙofa inda haske yake, ya kanne ido. A tafin akwai 'yan ƙarafa masu faɗi, uku a gaba kamar duwatsun murhu, uku a dunduniya.

"Baturen nan yana yin wasan a nan?"

"Maigidan ya ce yana yi shi kaɗai a bayan gida, kamar mai aljanu. Ya bar kayan ma. Kulkin ga shi can, da shi nake dakan yaji. Safar tana wurin mai shayin tasha, yana sauke tukunya da ita."

"Takalmin fa?"

"Ban taɓa ganinsa ba. An kawo ni bayan Bature ya tafi."

Ya roƙi aron katin, ya sa a aljihun gaba. A ƙofar gida Sammani yana zaune a kan tabarmar farko yana karɓar gaisuwa, carbi a hannu. Sufeto ya tsuguna kusa da shi.

"Malam Sammani, kai ne direban Dogon Bature, ko? Ya bar wani takalmi da zai tafi?"

Carbin ya tsaya, sannan ya ci gaba. "Takalmi? A'a. Ni hula kawai ya ba ni, ta ma daɗe da mutuwa. Ya tafi da takalmansa."

Ranar Juma'a da sassafe Sufeto ya nufi Bunkure. Lissafinsa mai sauƙi ne: takalmin da ya shekara tara yana shiga laka, dole ya taɓa zuwa hannun mai gyara. Na farko ya kalli katin ya girgiza kai. Na biyu ya tambaya ko sayarwa ake yi. Na uku, wani tsoho mai suna Datti da ke zama a gindin tsamiya, ya kai katin dab da hancinsa, sai ya ja tsaki.

"Wannan ja'irin takalmin. Basilla biyu ya karya min."

"Ka san shi?"

"Yaya ba zan san shi ba, ranka ya daɗe? Duk shekara in rani ya kama sai an kawo min shi. Bana ƙarfe ɗaya ya ɓalle, na ce ba ni da irinsa, sai dai a aika Amurka."

"Wace ƙafa?"

"Hagu, a dunduniya."

"Wa yake kawowa?"

"Sammani na Kukar Sambo. Ya ce da shi yake ban ruwa, ko laka ta kai sabulu santsi ba ya zamewa. Lafiya dai?"

Sufeto ya yi masa godiya ya wuce. Ya tsaya a ofis ya ɗauki kwalin laka da Ibrahimu da Saje Isiyaku da kurata biyu. Ya sauke Saje Isiyaku a lambun Sammani, ya ce ya bincika bukkar da ke ciki. Shi kuma ya yi Juma'a a sahun baya, ana sallamewa ya fita.

Hanyar ruga ta gefen lambun Sammani ta bi, a nan ya gitta Landiroba. Ba a jima ba suka ɓullo. Sun kai mutum saba'in, ko kayan Juma'a ba su cire ba, wasu da galan ɗin kananzir, wasu da damin kara. Sammani ne a gaba.

"Ranka ya daɗe, ka ba mu hanya. Jinin ɗan'uwanmu ba zai tafi a banza ba."

"Ba zai tafi ba. Amma tunda kun taru, ku zo ku taya ni ganin wani abin mamaki."

Ya tsallaka cikin lambun, suka bi shi da ido, sannan da ƙafa. Tumatirin ya yi shar, ƙasa a jiƙe, alhali gonakin yamma da suke da ranar ruwa sun yi yaushi. A kan kowace kunya, a bakin kowane fangali, ga tsagogin nan uku-uku, sabbi da tsofaffin da suka bushe tun farkon rani.

Sufeto ya ajiye kwalin laka a ƙasa kusa da ɗaya daga cikinsu.

"Malam Sammani, jiya ka ce min wannan sawun maruƙan Ibrahimu ne. To ashe maruƙan nan ma'aikata ne. Tun watan Disamba suke yi maka ban ruwa, fangali-fangali, ba su taɓa cin ganye ɗaya ba. Nawa kake biyansu?"

Babu wanda ya yi dariya. Saje Isiyaku ya fito daga bukka da buhun taki, ya zazzage shi. Wani baƙin takalmi ya faɗo, an wanke shi tas. Sufeto ya kifa na hagun, ya ɗaga shi da hannu ɗaya, katin a ɗaya hannun. Ƙarfe biyu ne a dunduniyar, da ramin na ukun. Ya ɗora shi a kan lakar kwalin, ya zauna daram.

"Ka ce Bature ya tafi da takalmansa."

"Na manta ne, ranka ya daɗe."

"Ka manta takalmin da ka wanke jiya? Wannan lakar daga inda aka ja gawar Hambali zuwa ruwa na yanko ta. Ina ƙarfen ƙofa?"

Sammani ya waiwaya ya dubi mutanen da ya jagoranto. Kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Ya zauna daɓas a kan kunya, farar rigarsa a cikin laka.

"Yana cikin kanal, ƙarƙashin gada," ya ce. "Tumatirina yana fure, furen yana zuba. In na jira Asabar, na tashi a tutar babu. Na roƙe shi, na ce awa biyu kawai, don abotarmu. Ya ce ko ubansa ne sai Asabar. Da na ga ya tafi alwalar magariba, na ɗauki ƙarfen na buɗe da kaina. Ya dawo ya same ni. Ya ce zai kai ni gaban dagaci kamar yadda zai kai Bafulatani, wai ni da Bafulatani ɗaya. Ya juya zai tafi. Ƙarfen yana hannuna."

"Sai ka ga sanda a jingine, ka ce ga wanda zai ɗauka maka."

Sammani ya ɗauki takalmin dama yana juya shi, kamar yau ya fara ganinsa.

"Ba ni Bature ya ba wa ba. Hambali ya ba wa. Shekarar da na fara lambu na zame na faɗa kanal, shi ya tsamo ni. Washegari ya kawo min shi a cikin jarida, ya ce riƙe, kada wata rana ruwa ya ci min kai."

Saje ya buga masa ankwa. Sufeto ya juya kan jama'a, kuma duk fushin da ya haɗiye tun jiya ya taso masa.

"Kada kowa ya motsa. Wa ya taɓa yi wa mutumin nan ƙwadago a lambun nan? Ku ɗaga hannu."

Hannu bai tashi ba.

"Shi kaɗai yake dasa eka huɗu? Na ga fuskoki a nan da suka san sawun nan kamar sawun 'ya'yansu. Jiya kuna tsaye a kaina ina yankan laka, kuna dariya. Kun sani, kuka yi shiru, don wancan yana ba ku aiki, wannan kuwa baƙo ne ko ya shekara ɗari. Kuka fito daga masallaci da kananzir za ku ƙone makauniya. Ku ajiye galan ɗin nan, ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗa wa kurtu sunansa."

Suka ajiye. Aka tura Sammani bayan mota, aka sauko da Ibrahimu. Sufeto ya ɗauko sandarsa ya miƙa masa da hannu biyu.

"Ka tafi gida. Babu mai taɓa ku."

Ibrahimu ya karɓi sandar. Ya dubi mutanen da ya shekara goma sha biyu yana sayar wa matansu nono, yana kai musu taki a gona. Babu wanda ya ce masa sannu. Daga inda suke tsaye ana hango rugar. An riga an kwance bukkoki, an ɗaure kaya a kan jakuna, ga wata tsohuwa a zaune a kan dami tana jiran a ɗora ta.

"Ka ce su sauke kayan," in ji Sufeto. "An gama magana."

"Na gode, ranka ya daɗe. Allah ya saka." Ibrahimu ya gyara sandar a kafaɗa. "Amma Inno ta ji da kunnenta sunayen waɗanda suka ce za su zo. Wasunsu ita ta ba su fura suna yara. Ba za ta iya kwana kusa da su ba."

Ya ratsa tsakiyar jama'ar, suka dare masa. Sufeto Maharazu ya tsaya da katin a hannu har jakin farko ya kama hanyar kudu, sannan ya shiga mota ya ce wa Saje su biya ta gidan Barira, akwai abin da zai mayar mata.